Mi ag gamin ido da zuciya?

Duk wanda ya taɓa raka dattijo asibitin ido, ko a Birnin Kebbi ko a Gusau, ya san wannan rigimar. Tsoho ya zo da ƙorafi ɗaya tak, rubutun Alƙur'ani ya fara yi mashi dishi-dishi, so yake a rubuta mashi gilashi ya koma gida abinshi, likita ya ɗiga mashi magani ya haska ido ya leƙa, ya daɗe yana leƙen, sai ya ɗago ya ce Baba yaushe rabonka da awon jini, ƙafafunka na kumbura, kana haki in ka yi tafiya? Nan take ran tsoho ya ɓaci, ka ji yana cewa ni ido nik kawo ɗana, mi ag gamin kihi da kaska. Wasu ma ɗauka suke dabarar cin kuɗi ce, a tura ka wancan ɗakin ka sake yankan kati.

To ba dabarar cin kuɗi ba ce, kuma ba shisshigi likitan ya yi a aikin wani ba. Akwai abin da ya gani can ciki wanda shi mai idon bai san da zamansa ba, kuma labarin abin ya wuce ido, ya taɓa ƙoda, ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya taɓa zuciya. Ni na zuciyar nake son mu tsaya a kai, musamman ciwon nan da zuciya ke gazawa ta kasa tura jini yadda jiki ke so, don shi ne ke cika gadajen asibitocinmu da mutanen da ba su ma wani tsufa ba.

Ba jan idon nan da kake gani a madubi ake magana ba fa. Waɗancan jijiyoyin na kan farin ido ne, apolo na tayar da su, ƙurar hunturu na tayar da su, hayaƙin murhu da rashin barci duk haka, har jinin da kan kwanta a farin ido bayan tari mai ƙarfi yawanci shi ke wucewa da kansa cikin sati ɗaya ko biyu. Waɗanda ake nufi suna can ƙuryar ƙwayar ido, kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bayan ido wanda ke karɓar haske ya miƙa saƙo ga ƙwaƙwalwa, likitoci na kiransa ratina. Kaurin manyansu bai wuce silin gashi ɗaya ko biyu ba. Kuma duk jikin ɗan Adam babu inda za ka kalli ƙananan jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, mai kai jini da mai dawo da shi gefe da gefe, ba yanka ba allura, kamar yadda ake kallonsu a nan. Tun 1851 wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, 'yar fitilar nan da likita ke matso da ita har kamar goshinku zai haɗu jikar waccan ce.

In ka samu dama ka ce a nuna maka hoton bayan idonka a kwamfuta, abin kallo ne wallahi. Faifai ne zagayayye launin ruwan goro, gefe guda akwai wani ɗan da'ira mai haske, nan ne kan jijiyar gani, daga cikinsa jijiyoyin jini suka fito suka rarrabu sama da ƙasa suna ta yin rassa. Masu kai jini sirara ne jansu na da haske, masu dawo da shi sun fi kauri sun fi duhu, a mai lafiya faɗin na farkon kamar biyu bisa ukun na biyun ne. Kafin a gani da kyau sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, ka zauna kamar minti 20 zuwa 30, yana ɗan zafi da farko, bayan nan kuma awanni za ka yi rana na kashe maka ido ba ka iya karanta ko saƙon waya, shi ya sa wanda ya zo a mashin da kansa gara ya nemi mai mayar da shi.

Ita kuma gazawar zuciya, ba wai ta tsaya ba ne. Tana bugawa, sai dai aikin ya fi ƙarfinta. Zuciyar baligi na tura jini kusan lita 5 a minti ɗaya ko yana kwance, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana, ba hutun Juma'a ba na sallah. Ran da ta fara kasawa sai jini ya riƙa tsayawa a baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafa da ciki. A gida ba mu ce mata gazawar zuciya, abin da za ka ji shi ne ai Malam yanzu daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya huta, ba ya iya kwanciya miƙe sai an tara mashi filo ko ya kwana jingine da bango, tari na tashinsa tsakar dare, takalmi ya daina shiga, in ka danna ƙaurinsa da yatsa ramin ya zauna. Daga nan sai fassara ta fara, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce shawara, wata ta ce ai asiri ya taka a gona, kafin a kai ga asibiti an sha jiƙo kala-kala an yi wata da watanni.

In aka yi hoton zuciya, wanda ake kira eko, ana samun iri biyu. Akwai wadda ta saki ta yi taushi, maimakon ta fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu sai ta fitar da kashi 40 cikin 100 ko ƙasa da haka. Akwai kuma wadda lambar ta fito lafiya lau amma naman zuciyar ya yi kauri ya sandare, ba ta buɗewa ta cika da jini yadda ya kamata, mai ita na haki iri ɗaya da na farkon. Ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.

Wanda ya taɓa noman rani a fadamar Argungu ko Suru ya san abin da ke faruwa in tiyo ya matse ko laka ta toshe shi: injin ban ruwa zai canza kuka, ya ɗau zafi, ya sha mai, ruwan da ke isa kuyya ya ragu, in aka bar shi a haka wata rana sai an kira makaniki. Zuciya ce injin, ƙananan jijiyoyin nan da ke watse ko'ina a jiki su ne tiyon, kuma mafi yawan turjiyar da zuciya ke fama da ita daga wajensu take, ba daga manyan jijiyoyi ba. Hawan jini na sa su tsuke, da farko tsukewar wucin gadi, in shekaru suka tafi bangonsu ya yi kauri ya taurare hanyar ta ƙara matsewa, matsewar ta ƙara tayar da jinin, ita kuma zuciya ta ƙara kauri don ta iya turawa, har ta kai inda kaurin ya zame mata ciwo. Wannan duk yana faruwa ne shiru, ba ciwon kai ba jiri a wajen yawancin mutane. Na ƙoda ba a ganinsu, na cikin naman zuciya ba a ganinsu, na ido kaɗai ke fili.

Abin da likita ke nema a ciki yana zuwa ne daki-daki. Da farko masu kai jinin su sirance. Sannan hasken da ke kansu ya canza ya koma kamar wayar tagulla saboda kaurin bango. Inda mai kai jini ya gitta kan mai dawo da shi, da yake riga ɗaya ta lulluɓe su a wurin, mai taurin sai ya danne ɗan'uwansa ya maƙure shi, wani likitan ido na Landan mai suna Marcus Gunn ne ya yi bayanin wannan tun ƙarshen shekarun 1800, har yau da sunansa ake kiran alamar. In abu ya ci gaba bangon ya fara yoyo, ka ga ɗigon jini nan da can, ka ga wasu farare-farare da likitoci ke ce wa ɗigon auduga, wato wurin da jini ya daina isa, ka ga kitse ya zubo rawaya-rawaya. Na ƙarshe kuma mafi muni shi ne kan jijiyar ganin kanta ta kumbura, wannan ranar ba a komawa gida, gado ake bayarwa. A 1939 likitoci uku a asibitin Mayo na Amurka, Keith da Wagener da Barker, suka kasa abin mataki huɗu suka bi majinyatansu, lokacin babu maganin hawan jini na kirki, bayan shekara 3 kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan matakin farko na raye, na mataki na huɗu kashi 6 kacal. Kun ga ashe maganar ba sabuwa ba ce, kakanninmu na yara aka san ido na faɗin inda jiki ya dosa.

Abin da ya zo daga baya shi ne ɗaure maganar da gazawar zuciya kai tsaye, da lissafi. Akwai wani dogon bincike da aka fara a Amurka a 1987, ARIC ake ce mashi, an ɗebi mutum kusan 16,000 a yankuna huɗu, ciki har da garin Jackson na jihar Misisifi inda duk waɗanda aka ɗauka baƙar fata ne, aka yi ta bin lafiyarsu shekara da shekaru. Tsakanin 1993 da 1995 aka ɗauki hoton bayan idonsu aka ajiye. A 2005 wani likitan ido ɗan Singafo, Tien Wong, da abokan aikinsa suka fitar da sakamako kan mutum 11,612 daga cikinsu. Cikin shekara 7, waɗanda aka ga ɗigon jini da sauran alamun lalacewa a idonsu kashi 15.1 cikin 100 zuciyarsu ta gaza, waɗanda idonsu ke garau kuwa kashi 4.8. Wani zai ce yo ai dama masu hawan jini da suga ne, me ye abin mamaki. Su ma sun yi wannan tunanin, suka cire tasirin shekaru da awon jini da suga da taba da sauransu a lissafin, duk da haka haɗarin ya tsaya kusan ninki biyu. Wurin da ya fi ɗaure kai shi ne da suka ware mutanen da ba su da hawan jini, ba su da suga, ba su da ciwon jijiyoyin zuciya, a cikinsu wanda ke da alamar a ido haɗarinsa ya kai kusan ninki uku.

Ni a ganina wannan na ƙarshen shi ne naman maganar. Awon jini da nas ta yi maka da safe labarin wannan mintin yake ba ka, ka huta a benci ka sha iska lamba ta fito kyakkyawa, amma ba ta san abin da jininka ke yi da dare ba ko ranar kasuwa ko shekara goma da suka wuce. Jijiyar ido kuwa abin da aka yi mata ya zauna a jikinta. Mutum na iya kasancewa a bakin iyakar suga ko hawan jini shekaru, bai kai inda za a rubuta mashi sunan ciwo a kati ba, amma ɓarna ta riga ta soma.

Masu suga nasu ya fi fitowa fili. A 2008 aka fitar da sakamakon mutum 1,021 masu ciwon suga daga cikin wancan binciken, bayan shekara 9 waɗanda suga ya taɓa masu ido kashi 21.6 sun samu gazawar zuciya, sauran kashi 8.5. Daga baya kuma aka sa kwamfuta ta auna faɗin jijiyoyin kansu, aka ga wanda masu kai jininsa suka fi tsukewa, ko masu dawo da jininsa suka fi buɗewa, ya fi shiga haɗarin, kuma eko da aka yi masu bayan shekaru masu yawa ya nuna canji a girma da aikin zuciyar. Tsukewar an fi danganta ta da hawan jini, buɗewar kuma da taba da ƙiba da suga.

Sai mu koma kan zuciyar nan mai sandarewa. Naman zuciya shi ma jini yake ci, kuma bayan manyan jijiyoyinta da ake iya ɗaukar hotonsu a ga ko sun toshe, akwai dubban ƙanana da suka nutse cikin naman waɗanda wancan hoton ba ya kamawa. Sau da yawa za a duba manyan a ce ba toshewa, mutum kuma na nan yana haki, musamman mata da masu suga da masu jiki. Masana da dama na ganin ciwon ƙananan ne ke sa naman ya riƙa yin tabo a hankali har ya sandare. In haka ne, to wanda ya leƙa ido ya ga ƙananan jijiyoyi sun lalace yana da dalilin zargin 'yan'uwansu na zuciya su ma ba su tsira ba, jini ɗaya ke bi ta cikinsu, suga ɗaya, matsi ɗaya.

Amma fa a yi hattara, don irin wannan labarin in ya shiga WhatsApp kafin la'asar ya koma ciwon ido na kawo ciwon zuciya. Ba ya kawowa. Ido shaida ne kawai, ya ga abin da aka yi, ba shi ya yi ba, kuma ko an yi maka aikin leza an gyara bayan idon zuciyarka ba ta san an yi ba. Sannan kashi 15 cikin 100 na nufin 85 sun wuce shekara bakwai ɗin nan zuciyarsu ba ta gaza ba, to wanda aka ce an ga wani abu a idonsa kada ya je ya fara rabon gado. Haka wanda aka ce idonsa garau kada ya ɗauka takardar sallama aka ba shi, domin akwai hanyoyin gazawar zuciya da ba sa bi ta ƙananan jijiyoyi sam, kuma biyu daga cikinsu namu ne na nan gida.

Na farko ciwon zuciyar masu jego. Mace ta haihu lafiya, wata ɗaya biyu sai kumburi da haki, zuciya ta saki. Duniya ta san arewacin Najeriya da wanga ciwo tun rubuce-rubucen da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970, kuma wani bincike a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya samu kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a asibitin. An daɗe ana ɗora laifin kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta, sai dai babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda ya fito a 2020, bai samu waɗannan al'adun a matsayin musabbabi ba, abin da ya fito shi ne rama, hawan jinin masu ciki, rashin karatu da rashin abin yi, talauci kenan a taƙaice. Wannan ba lasisin ɗura wa mai kumburi kanwa ba ne fa, kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen riƙe ruwa a jiki. Na biyu kuma ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, wanda kan dawo bayan shekaru ya cinye bawul ɗin zuciya, ka ga yarinya 'yar shekara 15 tana haki. Waɗannan biyun za ka iya leƙa idonsu ka same shi tas.

Yanzu kuma zance ya koma kan kwamfuta. A 2018 masu bincike na Google suka horar da na'ura da hotunan idon mutum 284,335, ta koyi faɗin shekarun mutum daga hoton kawai da kuskuren kamar shekara 3, ta faɗi namiji ne ko mace, yana shan taba ko ba ya sha, har ta kintaci awon jininsa. A 2023 asibitin ido na Moorfields da ke Landan da jami'ar UCL suka fitar da tasu da aka horar da hotuna miliyan 1.6, gazawar zuciya na cikin abin da aka gwada ta a kai. Abin burgewa ne ba musu, kuma na ga 'yan'uwa na ta yaɗa shi da murna kamar gobe za a kawo Kamba. Ni dai ina da ja. Wajen hasashen wanda zai samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ta Google ɗin kusan kunnen doki ta yi da tsohon lissafin da ake yi da shekaru da awon jini da kitsen jini da taba, ba ta wuce shi ba. Hotunan da aka koya masu yawanci na mutanen Ingila da Amurka ne, bayan idon baƙar fata ya fi duhu, ga yana ga hakiya da suka yi mana yawa waɗanda ke hana hoto fita tun farko. Sannan a ce ma na'urar ta yi ƙara ta ce wanga bawan Allah na cikin haɗari, sai me? Mutumin Ɗansadau ko Shinkafi da sai ya yi shahada kafin ya hau hanyar Gusau, ina zai samu eko, wa zai ba shi maganin wata-wata? Na'urar awon jini mai batir da ake ɗaura wa a dantse ta fi kyamarar ido arha nesa ba kusa ba, kuma ita ɗin ma ba ta gama isa ƙauyukanmu ba.

Inda nake ganin amfanin maganar a wajenmu daban ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar na'ura ko ɗaya. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti don hawan jini tunda ba ya ciwo, amma suna zuwa don ido. Tela in zare ya daina shiga allura zai nemi magani, malami in baƙi ya fara haɗewa zai tashi, tsohuwa in ta kasa tsince tsakuwa a shinkafa za ta dami 'ya'yanta. Wani abin lura, ɗaya daga cikin manyan alƙaluman hawan jini da ƙasar nan ke da su daga masu aikin ido ya fito: binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama, aka auna jininsu a hanya, kashi 44.9 cikin 100 na da hawan jini. Haɗa wannan da binciken da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, wanda ya fito a 2012, majinyata 1,006 da aka kwantar da gazawar zuciya, matsakaicin shekarunsu 52, kuma hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45. A Turai mai wannan ciwon yawanci ya haura 70. Namu magidanci ne mai 'ya'ya a firamare.

To amma ina mai dishi-dishin ke fara zuwa? Wajen mai gilashi na kasuwa. Je ka kasuwar Jega ko ta Talatar Mafara za ka same shi, ya baje su a tabarma ko a faranti, ga 'yar takarda mai ƙananan rubutu, ka sa wannan ka cire ka sa wancan har ka dace da wanda rubutu ya fito, ka biya ka tafi kana sa mashi albarka. Ban ga laifinsa ba, gilashin karatu na aiki, kusan kowa in ya haura 40 zai buƙace shi kuma ba ciwo ba ne. Matsalar ita ce ganin ya gyaru, dalilin zuwa asibiti ya tafi, babu wanda ya leƙa ciki. Lalacewar da hawan jini da suga ke yi a bayan ido tana iya yin nisa sosai gani na nan garau, sai ta taɓa tsakiya sannan mutum ya farga. Shi ya sa ƙa'idar masu suga irin na manya ita ce a duba bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara, ko da mutum na ganin jinjirin wata.

Haka aikin ido kyauta da ake kawowa lokaci-lokaci, jama'a su yi dafifi tun asuba. Kafin a cire yana ana auna jini da suga, da yawa ranar suke fara jin suna da shi, sai a ce Baba naka ya hau je ka ka sha magani ka dawo, shikenan an wuce na gaba. Wannan mutumin da aka mayar shi ne ya fi kowa buƙatar a zaunar da shi a layin nan. Da masu shirya irin wanga aiki za su ajiye tebur ɗaya da ma'aikacin lafiya da takardar turawa asibiti, da sun tare ciwon zuciya da yawa da kuɗin da bai kai na kanofi da lasifika ba. Kai kuma da likitan ido ya ce ya ga alamar hawan jini ko suga a idonka, kada ka tsaya kan to wane maganin ɗigawa zan saya, babu maganin ɗigawa na wannan. Ka ce ya rubuta maka abin da ya gani a takarda ka kai wa likitan da ke duba jininka, a duba fitsari da ƙoda, a yi gwajin bugun zuciya, in da hali a yi eko. Maganin shi ne wanda ka riga ka sani kake gudu: ƙwayar hawan jini kullum ba sai ran da kai ya sara ba, rage gishiri da magi, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin miya da yaji da kilishi.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Ido ɗaya ya ɗauke ɗif ba ciwo ba ja, ko da ya dawo bayan 'yan mintuna, sau da yawa gudan jini ne ko ɓarɓashin kitse ya taso daga jijiyar wuya ko daga zuciyar da bugunta ya rikice ya toshe jijiyar ido, kuma inda wannan ya fito wani na iya fitowa ya nufi ƙwaƙwalwa. Sai mai ciki da ta ce kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi ko ƙyalli-ƙyalli, fuska ta kumbura, wannan jijjiga ce ke sallama, asibiti za a nufa a daren.

Akwai kuma inda ido da zuciya ke haɗuwa a cikin ledar magani. Ciwon da muke ce wa hawan jinin ido, gilakoma, ba jini ne ya hau ba, ruwan cikin ƙwayar ido ne matsinsa ya yi yawa, kuma ba shi ne abin da muke ta magana a kai tun ɗazu ba. Maganin ɗigawar da aka fi bayarwa a kansa, timolol, yana gangarawa ta 'yar hanyar hawaye zuwa hanci ya shiga jini, yana iya rage gudun zuciya, ya tayar wa mai asma da ciwonsa, ya ƙara wa wanda zuciyarsa ke cikin kumburi wahala. Mutane ba sa lissafa shi a magani, likitan zuciya ya tambaya me kake sha a ce ba komai, alhali ana ɗiga shi safe da yamma. Ba a ce ka daina da kanka ba, gilakoma makanta take yi ba sallama, akwai wasu magungunan da za a iya canza maka, kuma in ka ɗiga ka rufe ido ka danne lungun da ke jikin hanci da yatsa kamar minti 2, abin da ke shiga jini na raguwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma digoxin da ake ba wasu masu ciwon zuciya, in ya yi yawa a jiki, musamman ga mai shan maganin sa fitsari irin su Lasix ko wanda ƙodarsa ta yi rauni, mutum kan fara ganin abubuwa rawaya-rawaya ko fitila da zobe kewaye da ita, ga tashin zuciya ga rashin cin abinci, wannan ba gilashi yake nema ba, a koma wajen wanda ya rubuta maganin a ranar. Duk mai zuwa ganin likita biyu, ya zuba komai a leda ɗaya, ƙwayoyi da na ɗigawa da haɗin ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ke riƙe ruwa a jiki, har da garin da aka karɓo wajen mai magani, ya juye su a teburin kowannensu.